Wane Baban?

In da ana auna zalunci a kan sikeli, to wanda aka yi wa Direba a gidan kula da tsofaffi sai ya karya sikelin, ya karya teburin da aka ɗora shi, ya sauka ya fasa simintin ƙasa. Haka shi Direban ke faɗa wa mai gadi, da mai wanki, da duk baƙon da ya yi kuskuren tambayarsa hanyar banɗaki. Zaluncin kuwa shi ne an hana shi riƙe makulli. Wani ɗan makulli da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, na keken magani.

Keken wani akwatin ƙarfe ne mai taya huɗu da durowa uku. Shi yake tura shi daga gado zuwa gado, a nan ne ma sunan Direba ya bi shi, ko da yake shi da bakinsa Mataimakin Likita yake kiran kansa. Ya ɗinka wa kansa farar riga har gwiwa, ya jera birori a aljihun gaba, guda ɗaya ne kawai ke rubutu a cikinsu. Gemunsa kuwa ba ya rabo da baƙin rini, don kada wani marar tarbiyya ya yi gigin ce masa Baba.

Durowa biyu na sama su ke ɗauke da ƙwayoyi da kwalabe da sirinji da allura, makullinsu yana rataye a wuyan Sista, ma'aikaciyar jinyar gidan, ko salla za ta yi ba ta cirewa. Ta ƙasa ce ba ta da makulli. A cikinta ake ajiye haƙoran roba da tabarau da abin ƙara ji na tsofaffi, kowa da ɗan kofinsa mai suna. Wannan durowar ita ce duk mulkin Direba a duniya.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda Sista ke ba da magani. In ta isa gaban gado sai ta ce, "Baba, faɗa mini sunanka." Tsoho ya faɗa. Ta kama hannunsa ta karanta munduwar roba da aka rubuta sunan a kai. Ta dubi katin da ke rataye a ƙafar gado. Ta karanta jikin kwalin magani. Sannan ta ba shi, ta tsaya ƙiƙam har sai ta ga maƙogwaro ya motsa.

"Sista, don girman Allah wannan wane irin rashin kunya ne?" in ji Direba. "Mutum ya yi jika da ke, ki tsaya a kansa kullum ki ce ya faɗi sunansa kamar ɗan aji ɗaya?"

"Tura keke, Direba."

"Kin san shi, ya san ki. Jiya ma shi ne, bai canza ba cikin dare."

"Ranar da na ce ai na sani, ranar zan kashe wani. Tura."

Ya tura, amma zuciyarsa ba ta turu ba.

Ana haka Manajan gidan ya sanar cewa ranar ziyarar iyalai zai zagaya da kansa, ya ga wanda ya cancanci a tura kwas ɗin taimakon jinya. Direba ya ji kamar an kira sunansa a rediyo. Wanda ya yi kwas ai makulli na gaba gare shi. Nan take ya ƙudurta zai kawo wa gidan abin da ya kira Sabon Tsarin Ladabi, tsarin da ba za a ƙara ambatar sunan dattijo a fili ba.

Ranar na zuwa, Sista ta gama zagayen safe ta wuce ɓangaren mata wankin ciwo. Direba ya zaro almakashi da filasta, ya shiga ɗakin maza yana taku kamar mai shirin yin tiyata.

Tsofaffi huɗu ne a ɗakin. Kusa da taga akwai Tsohon Soja, wanda in ba abin ƙara ji a kunnensa ko bam ya tashi sai ya ce wa ke sallama. Bakin ƙofa Hedimasta ne, wanda ya bar makaranta amma makaranta ba ta bar shi ba. Sai tagwaye biyu, ɗaya a ƙarƙashin fanka ɗaya a lungu, masu kama da juna har ta ɓaci. Ɗaya na da ciwon suga, ana yi masa allura kafin cin abinci. Ɗayan hawan jini gare shi, ƙwaya yake sha. In ba da munduwa ba, Sista kanta ba ta rantsuwa a kan wane ne wane.

Da farko Direba ya gwada ƙarfin filastar a hannunsa. Ya rubuta "Baban Taga", ya naɗa a tsintsiyar hannu. Ta kama da kyau. Ta kama da gashi ma. Ya ja, hawaye ya zo masa, sai ya sauke hannun riga ya rufe, ya ce sai an jima. Daga nan ya bi gadaje ƙyas, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ya yanke mundayen duka ya cusa cikin hularsa. Ya naɗa wa kowa sabuwa: Baban Taga, Baban Ƙofa, Baban Fanka, Baban Lungu. Ya liƙa irinsu a kan sunayen da ke jikin katuna da kofuna. Ya ja baya ya dubi aikinsa, ya ji tausayin duniya da ta daɗe ba ta gane shi ba.

Hedimasta ne ya fara kai hannu kusa da hanci ya karanta.

"Baban Ƙofa? Kai, yaro, mai gadi ka mayar da ni?"

"Ranka ya daɗe, girmamawa ce."

"To girmama ni zuwa taga. Ni na fi kowa ilimi a ɗakin nan, ni ya kamata in riƙa ganin waje."

"Ni kuma Lungu?" in ji ɗaya daga cikin tagwaye. "Ɓarawo ne ni, ko mai sayar da giya?"

"Da ma can a lungu aka same ka," in ji ɗan'uwansa.

"Wa ya mutu?" in ji Tsohon Soja.

Kafin Direba ya buɗe baki, ɗaki ya kaure. Na lungu ya sauko ya haye gadon fanka. Na fanka ya ce ba zai kwanta da wanda suka yi zaman ciki ɗaya ya ishe shi da shuri ba, ya koma bakin ƙofa. Hedimasta ya nufi taga da sandarsa. Tsohon Soja ya ga ana motsi ya zaci atisaye ne, ya miƙe ya sara wa fanka, ya zauna a gadon da ya fi kusa. Aka sake tashi, aka sake zama. Har dai gadon taga ya zama ba kowa, domin Hedimasta ya je ya tarar rana na dukansa, ya ce shi ba shanya ba ne.

Direba bai karaya ba. Ya ce ai babban mai tsari shi ne mai gyara tsari a tsaye. Ya bi su da almakashi ya datse kalma ta biyu, har da harafin "n" na ƙarshen ta farko, a filastar kowane hannu, ya bi kofuna ya yi haka. Katunan gado ne kawai ya manta. Yanzu kowane hannu na cewa Baba, kowane kofi na cewa Baba.

"Shi ke nan," in ji shi. "An yi adalci."

Ya jawo durowar ƙasa, ya ɗaga kofin farko. "Baba!"

"Na'am!" in ji murya uku. Ta huɗun ta ce, "Wa ya mutu?"

Direba ya dubi kofi, kofi ya dube shi. Amma mutumin da zai tafi kwas ba ya nuna shakka a gaban majinyata. Ya raba kaya da bismilla.

Hedimasta ya sami haƙoran Tsohon Soja, manya kamar na doki. Suka shiga, baki ya ƙi rufuwa. Ga shi yana tafasa da fushi, ga fuska na ta murmushi kamar ango. Aka ƙara masa da abin ƙara ji, shi da kunnensa ke jin tafiyar tururuwa, sai ya fara kaucewa ƙuda yana cewa jirgi ne. Tsohon Soja ya sami haƙoran ƙasa jeri biyu, ya sa ɗaya a sama ta ƙarfin soja, duk maganar da ya yi sai ta fito da ƙaf-ƙaf. Ɗaya daga cikin tagwaye ya sami tabaran Hedimasta mai kauri kamar gindin kwalba, ya dubi ɗan'uwansa ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Yaushe muka zama 'yan uku?"

A daidai nan mai girki ta turo abincin rana bakin ƙofa, ƙamshi ya cika ɗaki. A bayanta ga Sista. A bayan Sista ga Manaja cikin kwat, a bayansa ga iyalai da ledoji da kuloli.

Wata mata daga cikin baƙi ta leƙo da fara'a ta ce, "Baba!"

Ɗaki ya amsa gaba ɗaya. Ta ja da baya.

Sista ta nufi keke. Ta buɗe durowar sama, ta wanke hannu, ta shirya allurar suga, ta je gaban tagwaye, waɗanda yanzu ke zaune gado ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Ta kama hannun na dama: Baba. Ta kama na hagu: Baba. Ta lumshe ido, ta buɗe.

"Baba, faɗa mini sunanka."

Na dama ya dubi allura. Ya nuna na hagu. "Shi ne mai sugan."

"Ƙarya yake, 'yata. Shi ne. Tun muna yara shi ke lashe cokali."

"Ni ko shayi ba na sa wa suga."

"Ai saboda ciwon ne, munafuki!"

Su biyun sun tsani allura, kuma su biyun sun gane cewa yau Allah ya kawo musu Direba. Sista ta mayar da hular allura, ta ajiye a faranti.

"Ba wanda zan soka sai na san wane ne. Kuma ba mai cin abinci a gadon nan sai an yi allurar. In na yi wa marar suga, sugansa zai faɗi ya sume a gabanmu. In mai sugan ya ci babu allura, nasa ya hau. Wa ya cire mundaye?"

Duk idanu suka juya. Direba ma ya juya, ya dubi bayansa, bango ne.

"Ɓeraye," in ji shi. "Na sha faɗa a gidan nan. Ɓeran yanzu roba yake ci."

"Ɓera ne ya rubuta Baba?" in ji Manaja.

"Yallaɓai, ni ma abin da ya ba ni mamaki ke nan."

Hedimasta ya yunƙura zai ba da shaida, amma abin da ya fito daga bakin dokin nan bai wuce "Hi he! Hi he!" ba, yana nuna Direba yana murmushi.

"Kun gani," in ji Direba, "yabona yake yi. Yallaɓai, a bar mini wannan, ƙaramin aiki ne."

Ya zaro ƙwayar suga daga kwanon shayi, ya ɗaga sama, ya ce wanda idonsa ya fi ƙyalli shi ne. Tagwaye suka kai hannu tare, suka yi karo da goshi, Sista ta fizge sugan. Ya ce to a kawo fo biyu da tururuwa, duk fitsarin da suka bi shi ne. Wata baƙuwa ta rufe kular abincinta. Ya ce to ai abu mai sauƙi ne, tun da tagwaye ne a raba musu, kowa rabin allura da rabin ƙwaya, in sun narke a jiki jini ɗaya ne zai daidaita.

"Direba," in ji Sista a hankali, "matsa daga kusa da kekena."

Ana cikin haka sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas na sanda a baranda. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, mayafi a kafaɗa, fuska a ɗaure. Matar mai suga ce, kowa a gidan Gwaggo yake ce mata, har Manaja. Aka yi mata bayani. Ta dubi tagwaye ta yi tsaki. Ba ta matsa kusa ba ma. Daga bakin ƙofa ta ɗaga murya.

"Kai!"

Na hagu bai motsa ba. Na dama ya zabura, ya ja bargo har hanci, ya ce, "Me na yi kuma?"

"Wannan ne nawa," in ji Gwaggo. "Soke shi."

Sista duk da haka ba ta soka ba sai da ta sa ya faɗi sunansa da bakinsa, Gwaggo na tsaye a kansa. Ta ɓare filastar kati ta ga ya dace, ta duba yatsunsa ta ga tabon gwajin jini, ta auna sugan, sannan ta yi allurar ta jefa ta cikin kwalin zubar da allura. Ɗan'uwansa ya sha ƙwayarsa yana dariya har da shaƙewa. Aka aika a kawo sababbin mundaye daga ofis.

Direba ya ga hankali ya kwanta, ya ga kuma Manaja na kallo. Ya ce bari ya nuna gwanintar tuƙi, ko a samu a manta da zancen ɓera. Ya kama keke ya juya shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙugu. Ya manta ruwan kofunan haƙora da ya zubar a ƙasa. Ƙafa ta zame, keke ya bi ta kan babban yatsansa, ya yi wani ihu da har Tsohon Soja ya ji, ya yi baya-baya ya faɗa rigingine a kan gadon taga. Hannun riga ya zame har gwiwar hannu. Gumi ya jiƙa gemu, rini ya gangaro kan farar riga layi-layi, furfura ta fito fili ta sha iska.

"Ayya, sannu Baba," in ji wata baƙuwa. "Ku taimaki tsohon nan mana."

Wannan ya fi yatsan zafi.

Sista ta zo gaban gadon a natse. Ta kama hannunsa ta karanta da ƙarfi. "Baban Taga." Ta ɗaga katin da ke ƙafar gadon, wanda na Tsohon Soja ne, ta karanta filastar da ke kai. "Baban Taga. Hannu ya dace da kati, kati ya dace da gado. Yallaɓai, tsarin ɓerayen nan yana aiki."

"Me aka rubuta masa?" in ji Manaja, yana danne dariya.

"Cushewar ciki. Maganin kuwa ba ta baki ake shansa ba."

Ta zaro safar hannu, ta sa, ta ja bakin safar ta sake, ta yi ƙara tas. Ta ɗago wani ɗan abu mai kama da harsashi. "A ja labule. Baba, juya ka kalli bango."

"Sista! Ni ne fa! Direba!"

"Ban ga Direba a rubuce ba."

"Kin san ni! Shekara nawa muna tare!"

"In ce na sani in kashe wani?"

"To tambaye ni sunana! Ai doka ce! Ki tambaye ni sunana!"

"Haba Baba," in ji Sista. "Mutum ya yi jika da ni in tsaya a kansa in ce ya faɗi sunansa? Ai rashin kunya ne."

Tsohon Soja, wanda aka mayar wa abin kunnensa ya kuma gane maganin wa ake shirin ba wani, ya miƙe tsaye ya ce a ba shi, ya yafe, sadaka ce. Tagwaye suka ce za su riƙe ƙafafu. Gwaggo ta ce in ana neman mai danne kai ga ta.

Direba ya manne da bango, ya riƙe wando da hannu biyu, ya faɗi sunansa. Ya faɗi na ubansa. Ya ƙara da na kakansa ba a tambaye shi ba. Mai gadi ya ce har bakin titi an ji.

"To wa ya rubuta wannan a hannunka?" in ji Manaja.

"Yallaɓai, ɓe..."

Safar hannu ta sake yin tas.

"Ni ne! Ni na yanke, ni na rubuta, ni na liƙa! Ɓera bai san hawa ba bai san sauka ba, a nema mini gafararsa!"

Ya ɗaga hannu zai rantse, ya bugi hula, hula ta faɗi, mundaye huɗu suka zubo kan cinyarsa.

Sista ta cire safar, ta mayar da harsashin cikin durowa, ta murɗa makulli, ta jefa shi cikin wuyan rigarta. Ta kama hannun Direba, ta ce ya kalli taga, ta fizge filastar da gashinta gaba ɗaya. Ihu na biyu ya fi na farko.

Kwas dai mai wanki aka tura. Direba kuwa an bar masa kekensa, amma durowar ƙasa ma yanzu an sa mata kwaɗo, makullinta ya bi 'yan'uwansa wuyan Sista. Mako guda yana wanke kofuna yana sake rubuta sunaye, Hedimasta na zaune a kansa yana gyara masa rubutu.

Har yau in ka tsaya zai gaya maka an zalunce shi. In ka matsa masa, sai ya gyara birorin aljihu ya ce, to, gaskiya shi ya haɗa komai, daga farko har ƙarshe, ba hannun kowa. Amma a nuna masa wani a gidan nan da zai iya rikita ɗaki guda kafin azahar da almakashi ɗaya. Wannan ai baiwa ce, ba kowa Allah ke ba ba.

Rini kam ya daina saye. Ran nan wata baƙuwa ta leƙo ɗakin maza ta ce, "Baba!"

Murya biyar ce ta amsa.